Ranar Wanke Ruwan Marinar Gwaggo

Warin ne ke riga komai dawo mini. Warin ruwan rini da ya kwana a kwata, mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai da aka barbaɗa wa toka, ga turaren manyan baƙi ya hau kansa, irin mai nauyin nan da ke isa wuri kafin mai shi ya fito daga mota. Har yau in na shiga inda aka kafa rumfa aka jera kujerun roba, sai hancina ya shiga neman wancan warin a ƙarƙashin turare, ko da kuwa babu marina a garin gaba ɗaya.

Marinar ta Gwaggo ce, yayar mahaifina. Aure ya ɗauke ta daga Gumel ya kai ta Maigatari tun ba a haife ni ba, mijin ya rasu, ta zauna ta riƙe gidan da rini. Ba irin marinar da ake kai baƙi kallo ba ce, mai ramuka da baba da tsofaffi a tsugune. Rabin duro ne a kan murhu a bayan gida, da garin kala, da soda, da wani farin gari mai hawa kai da masu sana'ar ke kira haidiro. 'Yan kasuwa na nan da na tsallaken iyaka sukan kawo mata farar shadda, ta mayar musu da ita shuɗiya ko ruwan goro ko kalar hanta. Shuɗi ta fi yi. Ina ƙarama, in an kawo mu hutu, nakan kwanta a tabarma ƙarƙashin igiyoyin shanya, iska na kaɗa shaddar a kaina, in riƙa raya wa kaina cewa sama ce ta sauko shan iska gidan Gwaggo. Hannayenta kuwa launinsu ɗaya da kayan. Da su take ba ni tuwo, ban taɓa jin ƙyama ba.

Ruwan da ta gama da shi takan juye a kwata. Kwatar ta bi bayan gidaje, ta gangara ta faɗa tafkin da ke kusa da kara, wato kasuwar dabbobi, tafkin da shanu ke sha ranar kasuwa. Shekara da shekaru haka ake yi, kowa ya sani. Kwatar nan ba ruwan Gwaggo kaɗai take ɗauka ba, na gidaje da yawa ne, amma nata ne kaɗai mai launi, saboda haka nata ne kaɗai mai laifi. Ba zan ce ruwan rini ba shi da illa ba. Na fi kowa a gidanmu sanin yana da ita. Abin da nake cewa shi ne, mutanenmu da ido suke yanke wa ruwa hukunci.

A shekarar da nake ajin ƙarshe a jami'a, wani dillalin shanu daga Sule Tankarkar ya kawo babban sa kasuwa. San ya sha ruwa a tafkin, cikinsa ya kumbura, ya kwanta ya ƙi tashi, aka yi maza aka sa masa wuƙa kafin ya zama mushe. Dillalin bai wahalar da kansa da bincike ba. Ya dubi bakin tafkin, ya ga shuɗi-shuɗi a gefen laka, ya bi shi da ƙafa har bayan gidan Gwaggo. Kwamitin tsaftar unguwa, wanda ba a taɓa jin ya kwashe ko juji ɗaya ba, ya farka ya zauna. Ya yanke cewa ko dai Gwaggo ta gyara ruwanta kafin ya fita daga gidanta, ko ta kwashe marinarta ta koma bayan gari. Bayan gari babu rijiya, babu inuwa, Gwaggo kuma gwiwoyinta sun fara gazawa. A ce mata ta koma can, daidai yake da a ce ta bar rini.

Abin da nake karantawa ke nan a lokacin: yadda ake raba ruwa da dattin da tacewa ba ta kama shi. Kalar rini ba ƙasa ba ce da za ta kwanta in an bar ta, ba tsakuwa ba ce da rariya za ta tare. Narkewa take yi ta zama ɗaya da ruwan, sai dai a farfasa ta tun daga ƙwayarta. Hanyar da malaminmu ya ɗora ni a kai, in an cire mata manyan kalmomi, ba ta da wuya. Akwai ruwan wanke ciwon nan na kemis, mai kumfa in an zuba shi a gyambo. Shi ke ƙone kalar, ƙonewa ba wuta ba hayaƙi. Amma shi kaɗai malalaci ne, sai an sa masa mai zuga shi, wato ɗan narkakken ƙarfe. Ƙarfen ba ya ƙarewa a aikin. Zai tunzura ruwan ciwon ya saki ƙarfinsa, ya juya ya sake tunzura wani. Sai dai dole a ɗan tsamama ruwan, kuma dole su biyun su haɗu a cikin dattin. In ruwan ciwon ya gamu da mai zuga shi kafin ya ga datti, a banza zai ƙone kansa ya koma ruwa zalla.

Na so wannan abu irin son da ake yi wa waƙa. Launi ya shiga ruwa har an fid da rai da raba su, sai ga wani abu marar launi ya zo ya kwance shi a hankali, ba faɗa, ba hayaniya. Ina ganinsa kamar yafiya. Da labarin san ya iso mana Gumel, na ce wa mahaifina ina so in gwada abin da na koya a kan ruwan Gwaggo, na shiga mota na tafi.

Ba ni da ɗakin gwaji a can, sai kasuwa. Ƙarfen na same shi a ƙwayar ƙarin jini, jar nan da ake ba masu ciki. Tsamin na samo shi wajen mai cajin batir. Na nemi farar ƙasa ta kashe tsamin in an gama, don kada a fid da ruwa daga wata illa a saka shi a wata. Ruwan ciwon kuwa na bi kemis-kemis na kwashe duk abin da ke garin, cikin baƙaƙen kwalabensa masu tsohuwar takarda, don haske da zafi na rage masa ƙarfi.

Mai kemis na ƙarshe ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Hajiya ƙarama, gyambon unguwa guda za ki wanke?"

Gwaggo kuwa, da ta same ni ina daka jar ƙwayar a ƙaramin turmi, ta tsaya riƙe da ƙugu.

"Ke 'yar nan, maganin masu ciki za ki ba ruwan? Cikin wa ya ɗauka?"

"Ƙarfen da ke ciki nake so, Gwaggo."

"Ƙarfe? Ga tsohon gatari can a bayan murhu, ki jiƙa. Kin zo kina ƙarar da rabon masu jego."

Na yi kwanaki ina gwadawa, ina ragewa ina ƙarawa. Ranar da ya ci, da hantsi ne. Na cika kwalba da ruwan duro, shuɗi har ba a ganin yatsa ta bayansa. Na ɗiga ruwan batir, na zuba garin ƙwayar, na bi da ruwan ciwon, na juya da tsinke. Da fari ba abin da ya motsa. Sai ƙananan kumfa suka fara tashi kamar ana raɗa. Shuɗin ya koma kore mai duhu, koren ya koma ruwan shayi, shayin ya yi ta tsinkewa. Da na sa farar ƙasa, wani jan laka ya sauka ƙasan kwalbar, ruwan sama ya tsaya garau, ina hango zanen zanin Gwaggo ta cikinsa.

Ta karɓi kwalbar, ta ɗaga ta sama, ta jujjuya.

"Ina kalar tawa ta tafi?"

"Ta ƙone."

"Ba hayaƙi?"

"Ba hayaƙi."

"Ikon Allah. Ni na tsufa ina roƙon kala ta kama, ke an kai ki jami'a kin koyo yadda za ta saki." Ta yi dariya har ta dafa bango. Sai ta kai kwalbar kusa da hanci. "A sha?"

"A'a, Gwaggo, ba na sha ba ne. Fitar launi ba ta nufin komai ya fita. Amma ya fi wanda kike zubarwa nesa ba kusa ba, kuma in an ba shi lokaci ya kwana, sai ya ƙara kyau."

Shawarar Gwaggo gajeriya ce. A aika wa mai unguwa da shugaban kwamiti su zo bayan la'asar, a shimfiɗa musu tabarma a bayan gida, a dama fura, su gani da idonsu. In sun gamsu, a ajiye duro biyu a bakin kwata, ruwa ya riƙa kwana a ciki ana yi masa magani kafin a sake shi. Dattawa biyu, tabarma ɗaya. Na tabbata da an yi haka, da an wuce wurin.

Sai Baffa ya ji.

Baffa ƙanin mahaifina ne, ƙanin Gwaggo kuma, autan ɗakinsu. A Gumel yake zaune, amma in ana neman sa, inda lasifika ke kuka ake zuwa. Ban taɓa sanin sana'arsa ba. Na dai san yana da babbar riga mai kyau, da hula mai tsayi, da iya riƙe makirufo kamar da ita aka haife shi. Duk kwamitin da aka kafa tsakanin Gumel da iyaka, in ba shi ne sakatare ba, to shi ne mai jawabin godiya. A shekarar kuma yana harin kujerar kansila, yana neman duk abin da zai sa a gan shi tsaye kusa da manya. Ya iso a bayan babur, ya sa aka maimaita masa gwajin, ya kalli ruwan yana washewa, idonsa na ƙyalli. Ba ruwan yake gani ba.

"Yaya," ya ce wa Gwaggo, "abu irin wannan a yi shi a bayan gida, kamar ana cinikin kayan sata? Dakta ce fa Allah Ya ba mu a gidan nan."

Na ce, "Baffa, ko digirin farko ban gama ba."

"Wa ya tambaye ki? Ke dai ki zuba maganinki."

Gwaggo ta ce, "Auta, ka bar mu mu lallaɓa abinmu. Ni ba suna nake nema ba, a bar mini durona kawai."

"Yaya, ke kin san rini, ni na san mutane. Dattawa biyu a tabarma, gobe su ce ba su gani ba. Amma in Honarabul ya tafa a gaban jama'a, wa ya isa ya sake buɗe baki?"

Honarabul wani ɗan siyasa ne da Baffa ke bi. Gwaggo ta ƙyale shi, don ta saba ƙyale autansu tun yana goye. Baffa har ya kawo shawarar in ruwan ya washe a tsiyaya masa a kofi ya kurɓa a gaban masu ɗaukar hoto. Na ce masa ba na sha ba ne, zai iya kwantar da mutum. Wannan ce kaɗai maganata da ya karɓa ba gardama.

Ranar taron, an kafa rumfa a ƙofar gida, dab da kwatar da ake magana a kanta. An rataya ƙyalle mai rubutu, hoton Baffa ya cinye rabinsa, na Honarabul ya cinye sauran, kalmar ruwa ta samu ɗan wuri a ƙasa. Tun da safe na haɗa komai. Na tsamama ruwan rinin a babban kwanon gilashi, na ƙulle garin ƙwayar a takarda, na jera baƙaƙen kwalaben a kwali na tura shi lungun zaure inda rana ba ta kai wa. Na ce wa Baffa kada a taɓa su, kada a fito da su sai na fito.

"Na ji, Dakta, na ji. Shiga ciki wajen mata. Budurwa ba ta zama a gaban manya tana jiran su. In lokaci ya yi za a kira ki da girmamawa."

Na shiga. Muka zauna a tsakar gida, ni da Gwaggo da maƙwabtanta, muna jin taron ta saman katanga. Can Gwaggo ta leƙa ɗaki ta fito tana tambaya wa ya ɗauki tasarta, babbar tasar tagulla ta kayan aurenta, wadda ba ta sauke ta sai baƙo mai daraja ya zo. Wata maƙwabciya ta ce ta ga Baffa a zaure yana dirzar ta da toka. Muka ce goro zai zuba wa baƙi. Ba wadda ta sake tunawa.

An ce da hantsi za a fara. Honarabul bai iso ba sai da rana ta take tsaka, kuma ba a fara komai kafin shi, don haka jama'a suka yi ta zufa suna kallon kujerarsa. Da ya zo aka buɗe da addu'a, sannan aka shiga jawabai. Kowane mai jawabi sai ya gaida kowa, daga Honarabul har direbansa, da cikakken laƙabi, sannan ya yi alkawarin ba zai tsawaita ba. Shugaban kwamiti ya sanar da mu cewa ruwa yana da muhimmanci ga ɗan Adam. Na bayansa ya ƙara da cewa har ga dabbobi. Wani ya tashi ya ba da tarihin yadda shi ya fara tunanin tsafta tun yana firamare. Dillalin ya yi ta'aziyyar sansa, ya siffanta ƙahonsa da tozonsa da tafiyarsa, har wata tsohuwa kusa da ni ta ce ko mijinta ba a yaba haka ba ranar da ya rasu. Aka tashi aka yi azahar, aka dawo, Baffa ya karɓi makirufo. Duk tsawon wannan lokaci ba wanda ya ambaci Gwaggo. Tana zaune a kan turmi tana tsinke zogale, ana tattauna makomarta a bayan katangarta.

Rana ta karkata kafin a kira ni. Mai gabatarwa ya ɗaga ni daga Dakta zuwa Farfesa, ya kuma ce daga ƙasar waje na dawo. Na gyara mayafi na fita, zuciyata cike da daɗi, don na san abin da za su gani, na kuma ɗauka ko mai taurin kai in ya ga shuɗi ya narke ya zama haske, sai wani abu ya motsa a ransa.

An shimfiɗa wa teburin farin ƙyalle. Ga furen roba, ga kwanon gilashina da shuɗin ruwansa, ga ƙullin garin ƙwaya. A gefe, inda rumfar ta ƙare rana ta fara, ga tasar Gwaggo tana walƙiya, an rufe ta da sabon faifai. Kwalba ko ɗaya babu.

Na matsa kusa da Baffa na yi ƙasa da murya. "Baffa, ina kwalaben?"

"Waɗannan kwalaben gyambon? A gaban Honarabul? Haba, Dakta. Na juye miki su a tasa. Dubi yadda take ɗaukar ido, da hannuna na goge ta."

"Duka?"

"Duka, har ɗigon ƙarshe."

"Tun yaushe?"

"Tun da kika shiga ciki. Ai maganin nan naki ba wasa ba ne, shi kaɗai ya yi ta tafasa ba wuta. Na nuna wa mutane da yawa."

Na ɗaga faifan. Ruwa ne kwance, ɗumi kamar na wankan jariri, da 'yan kumfa maƙale a gefe, gindin tasar ya yi ɗan kore. Tagulla ma tana zuga ruwan ciwon kamar yadda ƙarfe ke yi, toka tana taya ta, zafin rana yana taya su duka. Tun safe maganin yake ƙone kansa a ƙarƙashin faifai, ba datti a gabansa, yayin da ake gaida direban Honarabul. Abin da ya rage, da shi da ruwan randa kusan ɗaya.

A wajen Baffa, abin da ya yi ladabi ne. Ba a miƙa wa babba abu a mazubin da ya zo da shi daga kasuwa. Ko ruwan sha ne sai an juye a kwano mai kyau an rufe da faifai. Ya ga baƙaƙen kwalabe masu ɓantararriyar takarda, ya ji kunya a madadin gidanmu, ya yi wa magani kwalliya har ya kashe shi.

Idanu sun yi mini yawa, na kasa juyawa. Na ce wataƙila da sauran ɗan ƙarfi. Na zuba garin ƙwayar a kwanon gilashi, na tuttula ruwan tasar, na juya. Na jira raɗar kumfar nan. Ba ta zo ba. Shuɗin ya ɗan dagule, ya yi duhu, ya tsaya yana kallona. Na ci gaba da juyawa, masu hoto suka gaji suka sauke wayoyinsu.

Daga baya wani ya ce, "Ko sai an yi masa tofi?"

Dillalin ya miƙe ya leƙo. "Malama, ni dai a idona ƙara baƙi ya yi."

"Bokon ne ya ji yunwa," in ji wani, aka kwashe da dariya.

Na juya wajen shugaban kwamiti na rusuna. "Ranka ya daɗe, maganin ne ya lalace a tasa kafin a fara. A ba ni lokaci in je Gumel in samo wani, na garin nan ya ƙare. Ko gobe ne, zan nuna muku."

Kafin ya buɗe baki, Honarabul ya dubi agogonsa. Ana jiran sa a Gagarawa Tasha, wani taron, wata rumfar. Ya miƙe, kowa ya miƙe. Baffa ya yi wuf ya karɓi makirufo kafin wurin ya watse. Ya ce kimiyya haka take, yau ta ci gobe ta ƙi. Ya ce yarinya ce, tana kan koyo, a yi mata uzuri. Farfesar da ta dawo daga ƙasar waje ta koma yarinya cikin numfashi ɗaya. Bai ambaci tasa ba. Ya gode wa Honarabul bisa karamcinsa, ya bi shi da sauri har mota, ya riƙe masa ƙofa.

Shugaban kwamiti ya rufe taro a tsaye, yana gyara hula. Ya ce an ba da dama, jama'a sun gani da idonsu, hukunci yana nan yadda yake. Dillalin ya gyaɗa kai kamar an dawo masa da sansa.

Washegari na je Gumel na samo sababbin kwalabe. Na sake gwajin a zauren mai unguwa, shi kaɗai da ni da wata jikarsa da ta rako ni ciki. Ruwan ya washe kamar yadda ya saba. Tsohon ya daɗe yana kallo, ya yi salati, ya sa mini albarka.

"Na gani, 'yata, na kuma yarda. Da nan kuka fara kawo mini, da ni da shugaba mun kashe maganar. Amma yanzu an yi a gaban jama'a, a gaban mai san, a gaban Honarabul. In na je na ce a janye, cewa za a yi an ba ni wani abu."

Shugaban kwamiti ma ko ganina bai yarda ya yi ba. Aka ce ya yi tafiya, ina jin tarinsa daga cikin gida.

Baffa ya kwana biyu kafin ya leƙo. Ya shigo da fara'arsa, ya zauna a kujerar tsakar gida ya miƙe ƙafa.

"Yaya, amma dai an yi taro. Kin ga jama'a? Har daga Sule Tankarkar. Honarabul ma ya tambaye ni sunana sau biyu."

Na jira Gwaggo ta yi magana. Na shirya mata kalmomi a raina, masu kaifi, na jera su. Ta dube shi, dubawa mai tsawo, sannan ta ce, "Ka ci abinci, Auta?" Ta tashi da kyar, ta zubo masa. Ya cinye, ya nemi ƙari. Na tuna abin da aka koya mana game da mai zuga aiki, cewa yana shiga ya tayar da komai, ya fito yadda ya shiga, ko ƙwarzane babu.

Gwaggo ta gwada bayan gari. Aka kai mata duro a amalanke, aka kafa mata 'yar rumfar kara. Ruwa sai an ɗauko daga nesa, iska na watsa wa jiƙaƙƙiyar shadda rairayi, tafiyar kuma ta fi ƙarfin gwiwarta. Kafin damina ta kama, 'yan kasuwa sun koma wajen wasu, ita kuma ta kashe murhu. Ba ta yi kuka ba, ba ta kai ƙara wajen kowa ba. Daga baya ta rufe gidan ta dawo Gumel wajen babbar 'yarta, ta zama tsohuwa mai zama a tabarma tana jiran a kawo mata labari. Na gama karatuna, aikin da na rubuta a kan ruwanta ya samu yabo, malamai suka ce hanya ce mai sauƙi da talaka zai iya bi. Na karɓi yabon na yi musu godiya.

Shekaru sun shuɗe, Gwaggo ta riga mu gidan gaskiya. Ranar wani suna a gidanmu, Baffa na zaune a tsakar gida, ya ƙara ƙiba, yana cin naman suna yana ba mata labari. Wata ta kawo kukan akuyarta da ta mutu, ta ce da aka farka ta leda aka samu cunkushe a cikinta.

Baffa ya ce, "Ai leda ba ta da imani. San nan ma na Maigatari, na zamanin marinar Yaya, ita ta kashe shi. Mahaucin da ya feɗe shi ya ce da ya farka tumbin, dunƙulen leda ya ciro kamar ƙwaryar fura. Ana gobe taro ya same mu ya faɗa mana, ni da shugaban kwamiti."

Na ajiye tiren da ke hannuna. "Baffa, kun sani? Me ya hana ku faɗa?"

Ya dube ni da mamaki, kamar na tambayi abin da ko yaro ya sani.

"Haba, Dakta. An riga an kafa rumfa."